Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake auna mai binciken rigakafi ta rubuce-rubucensa?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku muka haɗa yau, don bakinsu ya zo ɗaya. Ta farko daga wani malamin asibiti ce, yana cewa: "Ina yawan jin an ce Farfesa wane ya wallafa maƙaloli 300 a kan cututtuka masu yaɗuwa da alluran rigakafi. Yawan maƙala shi ne ƙwarewa? Kuma ni da waya kawai nake da ita, ta yaya zan tantance?" Muna tare da wata likita, masaniyar gwajin alluran rigakafi. Dakta, bismillah.

Dakta: Na gode Malam. Adadin kaɗai ba zai gaya masa komai ba sai ya buɗe jerin ya duba. Da farko ma ya tabbatar mutumin ne. Akwai rumbun da ake kira PubMed, na Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka, kyauta ne, da waya ma ana shiga. Sai dai in ka rubuta suna kawai, zai zubo maka da ayyukan duk takwarorin mutumin. Shi ya sa a 2012 aka fito da ORCID, lamba mai alƙaluma 16 da mai bincike ke mallaka shi kaɗai. Da ita ake raba shi da masu irin sunansa.

Daga nan sai ya duba inda sunan ya faɗa a jerin marubuta. A al'adar likitanci, na farko shi ne yawanci ya yi ɗawainiyar aikin ya kuma rubuta daftari. Na ƙarshe shi ne babba, wanda ya jagoranci binciken, sau da yawa shi ya nemo kuɗin. Na tsakiya kuwa kowa da abin da ya kawo: wani ya tara samfurin jini, wani ya yi aikin ɗakin gwaji, wani lissafi. To mai maƙala 300 da sunansa ke tsakiya a 280, ba daidai yake da mai 40 da ya jagoranci 25 daga ciki ba.

Amma kada a raina na tsakiya. Babban gwajin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na RTS,S an yi shi ne a cibiyoyi 11 cikin ƙasashen Afirka 7, da yara sama da 15,000, daga 2009 zuwa 2014. Da sakamakon ƙarshe ya fito a mujallar The Lancet a 2015, da sunan ƙungiyar masu gwajin ya fito, ba da sunan mutum ɗaya ba. Wanda ya riƙe cibiya guda a irin wannan aiki, yana bibiyar yara shekara da shekaru, ya yi abin da ya fi maƙaloli goma na zaune a ofis. Mujallu da yawa kan sa ɗan sashe a ƙarshe da ke faɗin wa ya yi me. Nan za a duba.

Sai kuma irin rubutun. Wasiƙa ga edita, sharhi, labarin majinyaci ɗaya, da gwajin da aka raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, duk sukan shiga jeri ɗaya a ƙirga su ɗai-ɗai. PubMed na da wurin tacewa da zai ware maka gwaje-gwaje kaɗai. Wasu kuma sukan yanka bincike ɗaya gunduwa-gunduwa ya zama maƙala shida.

Mai gabatarwa: Wasiƙa ta biyu daga wata ɗalibar jami'a ce. Ta ce ta ga ana rubuta wa malamai ma'aunin h, wani 12, wani 60, me ake nufi?

Dakta: Wani masanin kimiyyar fiziks, Jorge Hirsch, ya kawo shi a 2005. Idan ma'aunin mutum 20 ne, yana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20 a rubutun wasu. Yana da amfani, amma ba ya taɓa raguwa, don haka dattijon da ya daina aiki zai fi matashiyar da ke kan ganiyarta. Google Scholar kan ba da adadi mafi girma fiye da sauran rumbuna, saboda yana ƙirga har kundayen digiri. Kuma ma'aunin bai san yabo da suka ba. In an ambace ka don a ƙaryata ka, ya ƙirga maka.

Mai gabatarwa: Akwai misali, Dakta?

Dakta: Sananne ma. A 1998 The Lancet ta wallafa maƙalar Andrew Wakefield da abokan aikinsa, wadda ta jawo zargin cewa rigakafin ƙyanda na MMR na da alaƙa da lalurar otizim, wato matsalar da ke hana yaro mu'amala da magana da mutane yadda aka saba. Yara 12 kacal aka duba, babu rukunin da aka kwatanta su da shi. A 2004 goma daga cikin marubutan 13 suka janye daga fassarar da aka yi wa sakamakon, a 2010 mujallar ta janye maƙalar gaba ɗaya, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita a Birtaniya. Wani bincike a Denmark da ya fito a 2019 ya bibiyi yara sama da 650,000, bai ga wata alaƙa ba. Duk da haka an ambaci waccan maƙala fiye da sau 1,000. PubMed kan manna wa irin waɗannan alamar an janye, akwai kuma shafin Retraction Watch da ke bin diddiginsu tun 2010.

Mai gabatarwa: Ta uku daga wani magidanci ce. Ya ce idan mai bincike ya rubuta cewa rigakafinsa na kariya kashi 95 cikin 100, da me zai gane ba cika baki ba ne?

Dakta: Ya fara duba matakin gwajin. Mataki na 1 mutane 'yan gomomi ne, lafiyar allurar da yawan da za a bayar ake dubawa. Na 2 ɗaruruwa ne, ana auna yadda garkuwar jiki ta amsa a cikin jini. Na 3 dubbai ne, nan ake ƙirga waɗanda suka kamu da cutar da gaske. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki maƙalar mataki na 2 a ce rigakafi ya yi kariya, alhali abin da ta nuna shi ne garkuwa ta motsa.

Lissafin kansa ba wuya. A gwajin rigakafin korona na Pfizer da BioNTech da ya fito a Disamban 2020, mutane sama da 43,000 aka raba gida biyu, rabi allurar, rabi ruwan gishiri. Mutum 170 suka kamu: 162 daga gidan ruwan gishiri, 8 daga gidan allura. Raba 8 da 162, kusan kashi 5 ke nan, ka cire daga 100, ya rage 95. Ka ga ƙarfin sakamakon a kan 170 ɗin nan ya tsaya, ba a kan 43,000 ba. In waɗanda suka kamu ba su wuce goma sha ba, adadin na iya karkata ko'ina. Ya duba kuma tsawon bibiya, don kariyar wata biyu daban, ta shekara huɗu daban. RTS,S da aka bi kusan shekara huɗu, kimanin kashi 36 ya nuna a yaran da aka fara yi wa tsakanin wata 5 zuwa 17 aka kuma yi musu allura huɗu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021.

Abu na ƙarshe da nake so ya nema shi ne lambar rajista. Tun 2005 manyan mujallu ba sa karɓar gwajin da ba a yi wa rajista kafin ɗaukar mutum na farko ba. A ClinicalTrials.gov, shafin da ake yi wa gwaje-gwaje rajista, lambar na farawa da haruffan NCT, sai alƙaluma 8. Ya sa ta a shafin, ya karanta abin da suka yi alkawarin aunawa tun farko, ya kwatanta da abin da suka wallafa. Idan sun ce za su ƙirga masu kamuwa da cuta amma suka ɓuge da ba da labarin gwajin jini, to a nan ya dasa ayar tambaya. Haka in ya ga gwaji uku a rajista da sunan mutum, an gama su shekaru biyar da suka wuce, amma ɗaya kaɗai ya fito a mujalla, sai ya tambayi ina sauran biyun suka shiga.