Tarar Hanya: Daga Takardar Laifi Zuwa Rajistar Kotu

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani tsohon magatakardan kotun majistare ya gabatar wa direbobin haya a wata tashar mota a Kano. An cire doguwar gaisuwa da addu'ar buɗe taro.

Ciyaman, sakatare, iyayena dattawan tasha, 'yan'uwa direbobi da 'yan kamasho, har da yaran mota da na hango can baya a kan benci, barkanmu da war haka. Na ga ana lodi, ba zan cinye muku lokaci ba. An ce in yi magana a kan tara, yadda ake biyanta, da yadda mutum zai nemo bayanin shari'ar da aka yi masa a kotu.

Abin da zan fara tambayar duk direban da ya zo mini da kuka shi ne, wa ya tare ka? Sau da yawa sai ya ce, "Ai ma'aikata ne." To ma'aikatan wa? Akwai 'yan kiyaye haɗurra, wato FRSC, hukumar tarayya ce, an kafa ta a 1988 zamanin Janar Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, dokar da take aiki da ita kuma ta 2007 ce. Akwai KAROTA, ta jihar Kano ce, an kafa ta a 2012 lokacin Kwankwaso. In ka shiga Kaduna za ka tarar da KASTLEA. Ga VIO masu duba lafiyar mota, ga kuma 'yan sanda. Kowannensu da dokarsa, da ofishinsa, da asusun da kuɗinsa ke shiga. Na tarayya asusun tarayya, na jiha asusun jiha. In ba ka san wanda ya karɓe maka lasin ba, ina za ka je nemansa?

Masu zuwa Abuja su ƙara da wannan. A watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO na birnin ba su da hurumin tsayar da mota a titi, ko kama ta, ko yanka wa direba tara. Hukumar Abuja aka kai ƙara, don Allah kada wani ya ɗauki wannan ya je yana yi wa ɗan KAROTA tsiwa a Ƙofar Nassarawa, ya ce ni na aike shi. (Dariya.)

Bari in tsaya a kan takardar FRSC, domin ita ce iri ɗaya daga Kano har Fatakwal. In jami'i ya ce ka yi laifi, zai ba ka takardar sanarwar laifi. Yawancinku ninke ta kuke yi ku cusa a aljihu cikin fushi, fasinja na gunaguni, kwandasta na bubbuga ƙofa. Ka ba ta minti biyu. Ka duba sunanka, shin yadda yake a lasin aka rubuta? Ka duba lambar mota harafi bayan harafi. Ka duba kwanan wata da wurin da aka tare ka, da ofishin da ya rubuta ka. Ka duba laifin, da haruffa uku ake taƙaita shi: SUV rashin ɗaura bel ne, UPD amsa waya kana tuƙi, OVL lodin da ya wuce ƙa'ida, DGD tuƙin ganganci. Sannan abin da aka karɓe a hannunka, lasin ne ko takardun mota, ka tabbata an rubuta shi. In ba ka karanta boko, ba abin kunya ba ne, a cikin fasinjojinka ba za a rasa ɗan makaranta ba.

Kuɗin kowane laifi a rubuce yake a jadawalin doka, ba jami'i ne ke ƙiyasta shi da kallon fuskarka ba. Bel naira 2,000. Waya 4,000. Gudun wuce sa'a 3,000. Lodi 10,000, tuƙi ba lasin 10,000, tuƙin ganganci 50,000. Sai wanda nake so ku riƙe: yunƙurin ba jami'i na goro shi ma laifi ne mai zaman kansa a wannan jadawalin, naira 10,000. Wato mutumin da tararsa dubu biyu ce, ya dunƙule kuɗi ya miƙa, in ya haɗu da wanda ba ya karɓa, ya ninka wa kansa sau biyar a kan ta farko. In kuma ya haɗu da mai karɓa, ya biya kuɗin da babu inda aka rubuta, gobe a shingen gaba a sake tare shi a kan abu ɗaya.

Yanzu ga wurin da mutane ba su gane ba. Wannan takarda ba hukunci ba ce, zargi ne. Jami'in hanya ba alƙali ba ne. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma, marar laifi ne har sai an tabbatar. Saboda haka hanya biyu ce a gabanka. Ko ka biya, wanda ke nufin ka yafe haƙƙinka na zuwa gaban alƙali, magana ta mutu a nan. Ko ka ce ba ka yarda ba, a kai ka kotu. Wa'adin takardar kwana 7 ne, bayan nan suna iya gurfanar da kai. Ra'ayina, in ka san bel ɗin nan ba ka ɗaura ba, ka je ka biya, ka huta. Wuni guda a kotu ya fi dubu biyu tsada ga mai neman balas. Amma in an rubuta maka tuƙin ganganci alhali ba ka yi ba, ka yi tunani kafin ka biya, domin ban da dubu hamsin, ana rubuta wa lasinka maki, kuma wannan laifi maki 10 ne.

Biyan kuɗin ba a hannu ake yi ba. Tun 2015 da gwamnatin Buhari ta tilasta asusun bai-ɗaya, kuɗin hukumomin tarayya ta manhajar biyan kuɗi ta Remita yake bi. Za a fitar maka da lamba mai alƙaluma 12, ana ce mata RRR. Da ita za ka biya a banki, ko ta wayarka, ko a shagon intanet. Kafin ka saki kuɗi ka sa a karanta maka abin da lambar ta nuna, sunan hukumar da za ta karɓa, da sunanka, da adadin. Duk wanda ya tsaya a bakin ofis ya ce, "Alhaji kawo in taimaka maka, tura ta wannan asusun," kuma sunan mutum ne ya fito, ba na gwamnati ba, to ba tara ka biya ba, sadaka ka yi wa ƙato. Haka yake a hukumomin jiha, a ba ka takarda, ka biya a asusun gwamnati, ka karɓi rasidi.

Rasidin nan kuma, ku ji ni da kyau. 'Yar siririyar takardar da na'urar POS ke fitarwa ba ta jure zafi. Ka ɗora ta a gaban mota, rana ta dake ta ta gilashi, kafin wata ya zagayo ta koma fara fat, ko ta yi baƙi ƙirin. Na sha ganin dattijo ya buɗe walat da ƙarfin gwiwa, ya zaro abin da yake kira shaida, a duba babu ko harafi. Ka ɗauki hotonta da waya nan take, ka yi mata kwafi, ka sa a buga maka cikakken rasidin Remita. Da shi za ka koma ofishin da aka rubuta ka, su tabbatar kuɗin ya shiga, galibi a zaunar da kai a yi maka 'yar faɗakarwa, sannan a miƙo maka takardunka. In motar ce aka tsare, kada ka yi sanya, bayan awa 24 kuɗin ajiya yake fara hawa, naira 200 kullum a doka, in kuma ta kai wata 6 ba ka zo ba, hukumar na iya neman Babbar Kotu ta mallaka mata ita a yi gwanjo.

To, mu shiga kotu, wurin da na tsufa. Kotun tafi-da-gidanka da kuke gani a bakin hanya, rumfa da teburi da kujerun roba, musamman gab da Sallah da ƙarshen shekara, kada ku raina ta. Majistare ne na gaske a zaune, hukuncinsa kuma daidai yake da wanda zai yanke a kotun Nomansland ko ta Gyaɗi-Gyaɗi. Za a karanta maka tuhuma a tambaye ka, ka amsa ko ba ka amsa ba? In da Turanci aka karanta ba ka gane ba, ka ce a fassara maka. Tsarin mulki ya ba ka tafinta kyauta. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum ya gyaɗa kai kawai don a sallame shi, bai san abin da ya amsa ba.

Duk abin da aka yi a wurin ana rubuta shi. Akwai babban littafi a rajistirin kowace kotu, mai dogayen layuka: lambar ƙara, kwanan wata, sunan wanda ake tuhuma, laifi, hukunci, lambar rasidi. Zaman bakin hanya ma can ake mayar da bayaninsa, kotun da majistaren yake. Saboda haka kafin ka bar rumfar nan ka tambayi magatakarda abu uku: lambar ƙararka, sunan kotun, da rasidin tarar.

Wani direba ya taɓa zuwa wurina, mai motarsa na zarginsa da cinye kuɗi. Ya ce masa an ci shi tara a kotu, mai mota ya ce ƙarya ce. Na ce mene ne lambar ƙarar? Bai sani ba. Wace rana? Ya ce, "Wallahi Malam, ranar kasuwar Wudil ce, ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah, alƙalin yana da farin gilashi." Gilashin bai amfane mu da komai ba, amma kasuwar Wudil Juma'a take ci. Muka buɗe littafi, muka bi Juma'ar da ta gabaci Sallah, layi-layi da yatsa, har muka tarar da sunansa, da adadin da ya faɗa babu ragi babu ƙari. Da yana da lambar nan, aikin minti biyar ne.

Yadda ake nema ba wuya. Ka rubuta takarda zuwa ga rajistaran kotun, ka sa sunanka da lambar ƙara da ranar hukunci, ka ce kana neman kwafi mai hatimin kotu. Za a ƙiyasta maka kuɗin kwafi, ka biya, shi ma da rasidinsa. Ba alfarma ake yi maka ba. Sashe na 36 ɗin nan ya wajabta wa kotu ajiye bayanin shari'a, ya kuma ce wanda aka yi wa shari'ar, ko wakilinsa, yana da ikon karɓar kwafin hukunci cikin kwana 7 da kammalawa. Dokar shaida ta 2011, sashe na 104, ita ta faɗi siffar kwafin: a rubuta a ƙasa cewa daidai yake da na asali, da kwanan wata, da suna da muƙamin jami'in, da hatimi. Wanda babu waɗannan, hoton takarda ne kawai. Da wannan kwafin ake ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun jiha, kuma wa'adin ɗaukakawa gajere ne, ba a kwana a kai. Da shi kuma za ka kare kanka in aka sake taso da maganar, domin ba a yi wa mutum shari'a sau biyu a kan laifi ɗaya.

Na ga hannu can. Bismillah, Baba.

(Wani dattijo ya tambaya: in yaronsa ne ke tuƙa motar aka kama shi, shi mai mota zai iya zuwa ya karɓo bayanin?)

Za ka iya, Baba, amma ba da baki ba. Shari'ar da sunan yaron aka yi ta, saboda haka shi zai rubuta 'yar takarda ya sa hannu cewa ya wakilta ka, ka haɗa da kwafin lasinsa da katin shaidarka. In kuma motar ce a tsare, ka tafi da takardun mallakarta na asali, waɗanda ke ɗauke da sunanka. In sayenta ka yi ba ka canja suna ba, ka nemo takardar cinikin tun kafin ka fita daga gida, domin ita za a fara tambayarka.