Amsoshin Tambayoyinku: Rina alminiyom da ruwan batir a gida

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma kaɗan ne. Ta farko daga Maraɗi, wani bawan Allah na tambaya ko ana rina rodi da lantarki kamar yadda ake rina alminiyom. Malam, a taƙaice.

Malam: Ta wannan hanya ba ya yiwuwa. Asid ɗin cin ƙarfen zai yi kawai.

Mai gabatarwa: To ka ji. Sai wadda ta fi yawa a wannan mako, daga Kano da Zariya har da Kumasi, yawanci matasa masu aikin tagogi da masu gyaran babur. Ɗaya ya ce: "Ina da cajar batir da ruwan batir da fanka, ina so in riƙa rina ƙananan kaya a ɗakina da dare. Sun isa?" A ɗakin da kake kwana, ɗan'uwa? Haba dai!

Malam: To, aikin sunansa anodayizin. Ana tsoma alminiyom cikin asid ɗin salfurik da aka tsarma, wato dai ruwan batir da aka ƙara wa ruwa, a ba shi wuta. Sai wata fata mai tauri ta fito a jikinsa, mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, su ne ke shan rini. Amma fa ruwan na son sanyi, wajen digiri 20. A zafin Afrilu irin namu, in ba ka kewaye robar da ƙanƙara ba, fatar laushi za ta yi, rinin ya ƙi zama. Ni lokacin da nake koya wa ɗalibai...

Mai gabatarwa: Malam, ɗaki ya tambaya, ɗaki.

Malam: Af, haka ne. Ɗaki bai dace ba sam. Da wuta ta shiga za ka ga kumfa na tasowa. Wanda ke fitowa daga ɓangaren negatif iskar haidurojin ce. Ba ta da launi, ba ta da wari, sama take yi ta taru a ƙarƙashin silin. In ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ta kama. Sigari, ashana, makunnin fitila, ko cire kilif ɗin caja alhali da wuta a jiki. Shi ya sa ake fara kashewa daga bango kafin a taɓa waya. Na biyu, duk kumfan da ya fashe yana watsa hazon asid. Shi ne ke sa tari da ƙaiƙayin maƙogwaro, a hankali ya ci haƙora. Tun 1992 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Faransa, ta sa irin wannan hazo cikin abubuwan da ke jawo wa ma'aikata kansar maƙogwaro.

Mai gabatarwa: Fankar tasa fa?

Malam: Fankar sama a rufaffen ɗaki juya gubar kawai take yi, ta raba wa kowa. Abin da ake so iska ta shigo ta nan ta fita ta can. A yi a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, iska na bugo bayanka tana kore hazon daga fuskarka. Takunkumin ƙura kuma ba ya tare shi.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda wanda ya kunna rediyo yanzu. Ba a ɗaki ba, ba a shago a rufe ba. A fili, iska na bayanka, ba wuta kusa. Ni dai a ra'ayina, gidan da yara ke rarrafe a tsakar gida, a haƙura da wannan aiki a nemi wani wuri.

Malam: Ƙwarai. Kuma wajen haɗi, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali. In ka zuba ruwa a kan asid mai ƙarfi, tafasa zai yi ya fantsamo maka. Sodar sabulu da ake wanke alminiyom da ita kafin a fara, ita ma tana fitar da haidurojin, kuma in ta shiga ido ta fi yadda mutane ke zato muni. Tabarau mai rufe ido ruf, safar hannu ta roba, mazubi na roba mai kauri.

Mai gabatarwa: Wata baiwar Allah daga Gusau ta ce ƙaninta na ajiye ragowar ruwan asid ɗin a gorar ruwan sha. Subhanallahi! Yaya, ki karɓe yau ɗin nan.

Malam: A sa masa alama a kulle. In za a zubar, a riƙa barbaɗa bekin soda kaɗan-kaɗan har kumfa ya daina. Kada ya haɗu da bilic, iskar kulorin zai tayar.

Mai gabatarwa: In ya shiga ido fa? Daƙiƙa goma gare mu.

Malam: Ruwa mai tsabta, a yi ta kwarara aƙalla minti 15, sannan asibiti. Kada a sa manja, kada a sa madara.

Mai gabatarwa: Mun gode, Malam. Mai tambaya a kan walda daga Damagaram, ka yi haƙuri, taka ce ta farko mako mai zuwa in Allah ya kai mu.