Monolit ko maikrosabis? Rikicin yana wurin rumbun bayanai

A 2023 injiniyoyin Prime Video, dandalin kallon fina-finai na Amazon, suka ce sun tattara sashen da ke sa ido kan ingancin hoto da sauti wuri guda, kuɗin tafiyar da shi ya ragu da kashi 90 cikin ɗari. Kafin ka ce kwabo, labari ya bazu wai Amazon ta yi watsi da maikrosabis, wato tsarin raba manhaja zuwa ƙananan sassa. Haba dai! Sashe ɗaya ne tak.

Monolit kamar ƙaton akwati ɗaya ne: rajista, biyan kuɗi, lissafin kaya, duk manhaja ɗaya, rumbun bayanai ɗaya. Maikrosabis kuwa ƙananan akwatuna ne, kowanne da aikinsa, suna aika wa juna saƙo ta hanyar sadarwa. Wannan kowa ya gane.

To ku natsu, ga inda ake ɓatan kai.

Sai a raba manhaja gida goma, amma a bar rumbu ɗaya kowa na tsoma hannu a ciki. Wani ya canza sunan gurbi ɗaya a teburin bayanai, sassa uku su faɗi. Dole a riƙa sabunta su tare. An ƙara wahala, 'yancin da ake nema kuma babu shi.

Idan an raba rumbun da gaske fa? Ku ɗauka wani mai saye ya danna "saya". A monolit, cire kuɗi da rage kaya aiki ɗaya ne: ko su yiwu tare, ko a soke su tare. Rumbun ne ya ɗauki wannan lamunin. A maikrosabis, sashen kuɗi ya cire, ya aika wa sashen kaya saƙo. Shiru. Saƙon ne ya ɓace? Ko ya isa, amsar ce ta maƙale? Ba a sani ba. A sake aikawa, ƙila a rage kaya sau biyu. A ƙi aikawa, an karɓi kuɗin mutum babu kaya. Yanzu ku ne za ku ba kowace oda lambar shaida don a gane maimaici, ku kuma rubuta hanyar mayar da kuɗi.

Netflix ta yarda da wannan nauyin ne bayan rumbunta ya lalace a 2008, ta kwana uku ba ta aika faifan DVD ba. Ƙaurar da ta yi zuwa sabon tsarin ba ta kammala ba sai 2016.

Ni dai, in ku biyar ne a kan manhaja, ku zauna a monolit, ku shata iyakoki a cikinsa kamar yadda kamfanin Shopify ya yi. Ranar da ƙungiyoyin injiniyoyinku suka fara bin layi kafin kowa ya saki aikinsa, sai ku ciro sashe ɗaya, tare da rumbunsa.