Vivian Bullwinkel: Nas Ɗin Soja da Harsashi Ya Ratsa

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da war haka. Yau za mu tsaya a kan mace ɗaya, Vivian Bullwinkel, 'yar Ostireliya, wadda aka haifa a 1915. Ta koyi aikin jinya a asibitin Broken Hill, ta shiga sashen nas-nas na soja a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka tura ta Singafo.

Da Japanawa suka matso, aka kwashe nas 65 a jirgin ruwa mai suna Vyner Brooke ranar 12 ga Fabrairu 1942. Bayan kwana biyu jiragen sama suka nutsar da shi. Nas 22 suka taru a gaɓar Radji da ke tsibirin Bangka, a ƙasar Indonesiya ta yau. Ranar 16 ga wata sojojin Japan suka ce su shiga teku, suka buɗe musu wuta ta baya da bindiga mai jigida. A cikin nas ɗin nan, ita kaɗai ta rayu.

To, a nan nake so ku baza kunne. Harsashin ya shige ta a gefen hagu, sama da kwatangwalo, ya fita ta gaba, bai taɓa hanji ko ƙoda ba. Masu duba raunin harbi sukan fara da tambaya uku: ta ina ya shiga, ta ina ya fita, me ya tarar a hanya? Ƙanƙantar ramin ba ta gaya maka komai. Da ya huda hanji, ƙazanta za ta zube cikin ciki, mutum ya mutu cikin 'yan kwanaki idan ba a yi masa tiyata ba. Da ya tsinka babbar jijiyar jini, mintoci ne kawai. Abin da ya rage mata shi ne haɗarin ruɓewa, don harsashi yakan ja zaren tufa da datti cikin nama, kuma a dajin nan babu magani ko ɗaya. Shi ya sa ba a gaggawar ɗinke irin wannan rauni: a wanke, a cire mataccen nama, a bar shi a buɗe ya tsiyaye.

Ta kwanta cikin ruwa kamar gawa har sojojin suka tafi. Kwana 12 ta yi a ɓoye tana jinyar wani sojan Birtaniya, Kingsley, wanda rauninsa ya fi nata muni, matan ƙauye suna ba su abinci. Daga baya suka miƙa wuya, shi kuma bai daɗe ba ya rasu. Ita kuwa ta rataya gorar ruwa a kan hujin rigarta, domin da an gane ta shaida kisan, da an ƙarasa ta.

Shekara uku da rabi tana tsare. A can yunwa ce, da atuni, da zazzaɓin cizon sauro, da beriberi, wato ciwon kumburi da raunin jijiya da ke kama wanda abincinsa farar shinkafa ce zalla, marar sinadarin bitamin B1. Nas takwas suka mutu a tsare. A cikin 65, 24 ne suka koma gida.

Ta ba da shaida a kotun laifukan yaƙi ta Tokyo a 1946, ta bar soja a 1947, daga baya ta shugabanci nas-nas a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Fairfield da ke Melbourne. Ta rasu a 2000. Rigar tata, da hujin harsashin, tana gidan tarihin yaƙi na Canberra.