Wankin moto: injin feshi ko bokiti da soso?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga Garwa nake muku magana, kuma zancen na masu moto ne, wato babur, musamman ku 'yan kilando masu ɗaukar fasinja da moto shi ne gonarku shi ne kasuwarku. Tambayar da ake ta min ita ce, wai a kai moto lavaj, wato wurin wanki, a fesa shi da injin nan da ake ce wa Karcher, ko kuwa a zauna da bokiti da soso a wanke shi da hannu?

To bari mu fara da ƙarfin ruwan, wanda ake aunawa da ma'aunin da ake ce wa bar. Iskar da ke cikin tayar motonka wajen bar 2 ce, ruwan famfo na gida ma bai cika wuce bar 3 ko 4 ba. Shi kuwa injin feshi yana fitar da ruwa da ƙarfin bar 100 har zuwa 150. Kun ga ai ba wasa ba ne, ruwan da in ka tara masa hannu kusa zai iya fasa maka fata, shi ne ake dannawa a jikin moto.

Ku duba nan, wannan tayar gaba ce ta Boxer da muka kwance. Kun ga wannan 'yar baƙar robar da ke bakin rulma, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa boris? Aikinta ta riƙe giris a ciki, ta hana ƙura da ruwan sama shiga. An yi ta ne don ruwan da ke fallatsowa a hanya. Amma in yaron lavaj ya kafa bakin injin a wurin, ruwan sai ya ɗaga leɓen robar ya kutsa, kuma ba shi kaɗai yake shiga ba, da yashin da ke maƙale a wurin suke shiga tare, su kori giris, sannan robar ta koma ta rufe ruwan ya zauna a ciki ba hanyar fita. Ku kalli giris ɗin nan yadda ya koma kamar kunun gyaɗa, ga tsatsa ta fara cin 'ya'yan rulman. Abin da ya fi damuna da wannan ɓarnar shi ne ba ranar take nuna kanta ba, moto zai fito yana ƙyalli ka biya ka tafi kana murna, sai bayan makonni ka fara jin taya na kuka tana rawa, ka ce ai hanya ce ba kyau, ko ka zagi mai sayar da kayan gyara. Ni kaina sau biyu na canza rulman baya a damina ɗaya kafin wani tsohon makanike ya tambaye ni, ɗana, a ina kake wanki? A nan na gane.

Haka yake a wuyan moto inda kan yake juyawa, haka a sarƙa. Sai kuma ɓangaren wuta, hular buji, wato fulogi, da makulli da wayoyin da ke ƙarƙashin kujera, da filtar iska, da bakin salansa. Wanda duk ya taɓa fitowa daga lavaj yana ta buga kik moto ya ƙi tashi ya san zancen.

Amma fa ba cewa nake injin feshin ba shi da rana ba. Wanda ya taɓa bin ƙasar karal ta wajen Marwa ko Yagwa a watan Agusta ya san baƙar lakar nan mai kama taya kamar danƙo, in ta bushe a ƙarƙashin madgad da tsakanin haƙarƙarin inji soso ba ya iya mata, kuma injin motocinmu irin su Boxer da TVS iska ce ke sanyaya shi, in laka ta toshe haƙarƙarin nan zafi zai yi ta yi. A nan a fesa. Sai dai a tsaya nesa, kamar taki ɗaya, a buɗe bakin injin feshin ruwan ya bazu kamar mafici, a yi taya da madgad da ƙasan inji kawai. Kuma dan Allah ka tsaya a kan motonka, kar ka miƙa makulli ka tafi shan shayi. Yaran nan sauri suke, kuɗinsu a yawan motocin da suka wanke yake, in ka nuna musu wurin da ba ka so da lalama za su kiyaye.

Sauran jikin kuwa hannu ne. Ka bar inji ya huce tukuna. Ka cusa leda a bakin salansa. Ka fara kwarara ruwa zalla daga sama, musamman da hunturu, don ƙurar nan yashi ce mai laushi, in ka goga tsumma a busasshen tanki kai da kanka kake kankare fentin. Omo kaɗan ya isa, in ya yi yawa yana dusashe fenti yana cin giris. Soson tanki daban, na taya daban. Sarƙa a wanke ta da kananzir da tsohon burushin haƙori, a share ta bushe sannan a sa mata mai. Bokiti biyu ko uku sun gama aikin, kuma kana cikin gogawa za ka ga noti da ya saki ko man da ke tsiyaya a shokoba tun abin bai girma ba.

Kafin ka hau titi ka cire ledar nan, ka tada moto ya ɗan yi minti biyar, sannan ka tafi a hankali kana ɗan taka birki, saboda birkin da ruwa ya shiga ba ya kamawa sai ya bushe, kar ka ɗauki fasinja sai ka ji ya dawo daidai a ƙafarka da hannunka.