Kyamarar fim ga mai ƙaramin ƙarfi

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sha'awar wannan sana'a. Tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Malam, wace kyamara zan saya aikina ya yi kama da fim?" Kafin in kira sunan ko ɗaya, ku riƙe wannan: kada kuɗinku ya ƙare a jikin kyamara.

Tun 2008, da Canon ta fitar da 5D Mark II, ƙofa ta buɗe wa talaka. Kyamarar hoto ce, amma tana ɗaukar bidiyo da babbar sensa (ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara), mutum ya fito tas, bayansa ya yi dishi-dishi. Daga nan kamfanoni suka shiga rige-rige, shi ya sa yau kyamara ta hannu, wadda ta shekara shida ko bakwai, ta isa ta yi aikin da za a haska a babban allo.

To me za ka duba? Ba yawan fiksel ba. Ni abin da na fi damuwa da shi zurfin kala ne. Kyamara mai bit 8 tana raba kowace kala gida 256, mai bit 10 kuwa gida 1024. Ɗauki sararin sama da almuru da mai bit 8, ka zauna gyaran kala, ka ɗan matsa shi. Nan take za ka ga sararin ya tsage layi-layi kamar matattakala, fuskar ɗan wasa ta yi dabbare-dabbare. Mai bit 10 tana jure wannan matsin. Wannan, wallahi, ya fi mini duk wani yawan fiksel irin 6K da ake talla da shi.

Panasonic GH5 ta 2017 tana ɗaukar bit 10 a cikinta, tana rage rawar hannu, sai dai ba a dogara da fokas ɗinta idan mutum yana motsi. Fujifilm X-T3 ta 2018 kalarta gwanin sha'awa, amma ba ta rage rawar hannu, sai da ƙafar ɗora kyamara ko tsayayyen hannu. Blackmagic Pocket 4K, ita ma ta 2018, ita na fi so ga mai son koyon fim da gaske, har manhajar tace fim da gyaran kala ta DaVinci Resolve take zuwa da ita idan sabuwa ka saya. Amma ku ji da kyau, tana shan batir, tana cinye katin memori, fokas kuma da hannunka za ka riƙa juya shi.

Kowace ka ɗauka, sa ta a hoto 24 cikin daƙiƙa, shata, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto, a 1/50 na daƙiƙa. Da rana haske zai yi yawa. Sabon shiga sai ya ɗaga shata zuwa 1/1000, motsi ya koma tsalle-tsalle. Kada ka yi haka, ka ɗaura gilashin ND mai rage haske.

Ragowar kuɗin fa? Lensi ɗaya mai buɗewa sosai, ko da tsoho ne irin Helios 44-2 na zamanin Tarayyar Sobiyet, a haɗa shi da adafta. Sai fitila ɗaya da farin ƙyalle na tausasa haske. Sai makirfo, don Allah kada ku raina shi. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar magana ta cakuɗe da iska, tashi zai yi. Ku kusanto da makirfon bakin mai magana, ku sa abin ji a kunne tun kafin a ce a fara.