Amsoshin Tambayoyinku (shirin Maris 2016): Tabarau na VR da ke shirin shigowa kasuwa

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan makon yawancinsu a kan abu ɗaya suka zo, wato tabarau ɗin nan na kwamfuta da ake kira VR, wanda mutum zai ɗaura a fuska ya ga kamar yana tsaye a wani wuri dabam. Ba mamaki, domin lokacin ya ƙarato. Oculus Rift zai fara isa hannun waɗanda suka yi oda ranar 28 ga wannan wata na Maris 2016, HTC Vive zai biyo baya a farkon Afrilu, shi kuma kamfanin Sony ya sa watan Oktoba don nasa, PlayStation VR.

Wani mai sauraro daga Kano ya ce: "Wai shin wannan ba talabijin ba ce kawai aka manna wa mutum a ido? Mene ne abin zumuɗi a ciki?"

Malam, da allo ne kaɗai, da ka yi gaskiya. A cikin Rift da Vive akwai ƙananan alluna biyu, ɗaya ga kowane ido, kowanne da ɗigon haske 1080 a kwance da 1200 a tsaye, sai gilashi mai kauri a gabansu don ido ya iya ganin abin da ke kusa da shi haka. Hoton idon dama ya ɗan bambanta da na hagu, shi ya sa ake ganin zurfi. Amma abin da ya raba shi da talabijin shi ne yana bin kanka. Akwai na'ura a ciki da ke auna juyawar kai sau 1000 a daƙiƙa guda, sannan a Rift ga wata kamara a kan tebur tana kallon wasu ƙananan fitilu a jikin tabarau ɗin, waɗanda idon mutum ba ya gani. Ka waiga, ka ga abin da ke bayanka. Ka durƙusa, ka leƙa ƙarƙashin tebur. Wannan ne ya sa da Palmer Luckey, wanda ya kafa kamfanin Oculus mai yin Rift, ya nemi gudummawar dala dubu 250 a shafin tara gudummawa na Kickstarter a 2012 aka tara masa fiye da miliyan 2 da dubu 400, kuma Facebook ya sayi kamfanin a 2014 kan kusan dala biliyan 2.

Sai dai kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Ɗigon hasken nan an shimfiɗa su ne a kan faɗin gani mai yawa, don haka ido yana iya hango ƴan layukan da ke tsakaninsu, kamar mai kallon tsakar gida daga cikin gidan sauro. Ƙananan rubutu suna wahalar karantawa. Wanda ke fatan ya jefar da allon ofis ya riƙa aiki da tabarau, ba bana ba.

Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto cewa: "Na ji an ce yana sa jiri da amai. Da gaske ne? Kuma an gyara?"

Malama, da gaske ne, kuma a ganinmu wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a yau. Jiki yana sanin motsi ta hanya biyu: ta ido, da kuma ta wani sashe can cikin kunne mai ɗauke da ruwa. Idan ido ya ce ana tafiya, kunne ya ce ana zaune, sai jiki ya rikice. Jiri ya taso, zufa mai sanyi ta karyo, zuciya ta fara tashi. Dangin abin da ke samun wasu a mota ne, sai dai a nan ido ne ke ganin motsin da jiki bai yi ba.

Saɓanin nan yana zuwa daga wuri biyu, kuma ɗaya ne kawai injiniyoyi suka iya magancewa.

Na farko shi ne jinkirin na'ura. Daga lokacin da kika juya kai zuwa lokacin da sabon hoto ya shiga idonki, ana son kada ya wuce kashi 20 cikin 1000 na daƙiƙa. Samfurin gwaji na farko da Oculus ya fitar a 2013 yana sabunta hoto sau 60 ne a daƙiƙa, hoton yana dusashewa idan an juya, kuma bai san an matsa gaba ko baya ba, juyawa kawai ya sani. Daga nan yawancin labaran amai suka fito. Na biyu, na 2014, ya kai 75, aka ƙara masa kamara. Rift da Vive masu zuwa suna yin 90. Sannan allonsu ba ya barin hoto yana ta haske har na gaba ya zo. Yana haskawa ne na ɗan ƙiftawa ya ɗauke, don kada ido ya ja tsohon hoto yayin da kai ke juyawa. Wannan duk ci gaba ne na gaske. Amma a lura, 90 a daƙiƙa yana nufin kwamfuta tana da kusan kashi 11 cikin 1000 na daƙiƙa ta zana kowane hoto, na ido biyu. Da zarar ta makara, duniyar da kike ciki za ta yi tsalle ko ta karkarwa, cikinki kuma zai sani kafin ki ankara.

Na biyu shi ne yadda aka tsara wasan, kuma wannan babu tabarau mai tsadar da zai raba ki da shi. Kina zaune a kujera, kika danna hannun gem, sai ki ga kina gudu ko kina juyawa gefe alhali wuyanki bai motsa ba. Juyawar gefe da hannun gem ita ta fi tayar da zuciya, sai ƙara gudu ko tsayawa farat ɗaya. Abubuwan da suka fi sauƙi su ne waɗanda kike tsaye wuri ɗaya, ko kike zaune cikin ɗakin matuƙin jirgi inda akwai abin da ba ya motsi a gabanki, ko waɗanda za ki nuna wuri kawai ki tsinci kanki a can. Oculus ya raba wasanninsa gida uku gwargwadon yadda suke jijjiga mutum, don haka a fara da na mataki mafi sauƙi.

Ranar farko kada ki wuce minti 10 zuwa 15. Da kin ji ɗumi a fuska, ko yawu ya fara taruwa, ko hamma ta yi yawa, ki cire nan take. Kada ki ce bari ki daure, domin jirin da aka daure wa yana iya bin mutum sa'o'i, har ya zama da ganin tabarau ɗin zuciya ta fara tashi. Fanka tana taimakawa. Sannan ki daidaita tazarar gilasan da tazarar idanunki. Ki tsaya gaban madubi da rula a kan gira, ki rufe idon dama ki sa sifiri daidai tsakiyar ƙwayar idon hagu, sannan ki rufe na hagu ki karanta inda ta dama ta faɗa. Yawancin manya suna kusa da milimita 63 ko 64. Rift yana da maɓalli a ƙasa mai zamewa daga 58 zuwa 72, Vive kuma yana da abin murɗawa a gefe. Idan wannan bai daidaita ba, ciwon kai ne zai biyo baya, a ɗora wa na'ura laifi.

Wani mai gidan gem daga Maraɗi ya ce: "Ina so in sayo ɗaya don kwastomomi. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙarfi. Za ta ɗauka? Kuma nawa zan tanada?"

Alhaji, kusan tabbas ba za ta ɗauka ba. Wasa na yau da kullum a allo mai 1920 da 1080, sau 60 a daƙiƙa, ɗigo miliyan 124 ne a daƙiƙa. Rift yana cin miliyan 233, kuma da yake gilashin yana lanƙwasa hoto, dole kwamfuta ta zana fiye da haka ta gyara lanƙwasar, abin ya kai wajen miliyan 400. Ninki uku ke nan. Abin da Oculus ya ce a tanada a farkon 2016 shi ne katin hoto GTX 970 na Nvidia ko R9 290 na AMD, ƙwaƙwalwa Intel i5-4590, RAM giga 8, kafar HDMI, kafar USB 3.0 guda uku da ta 2.0 guda ɗaya, da Windows 7 zuwa sama. Sun jingine aikin kwamfutar Mac tun 2015.

Matsalar tafi-da-gidanka ba ƙarfi kaɗai ba ce. A yawancinsu kafar HDMI ba ta fita kai tsaye daga babban katin hoto, tana bi ne ta ƙaramin da ke haɗe da ƙwaƙwalwa, shi kuwa tabarau yana son hanya kai tsaye. Ko a kwamfutar tebur ma, ba kowace kafar USB 3.0 ce ke jituwa da kamarar ba. Oculus yana da ƙaramar manhaja ta kyauta da ke duba kwamfuta ta faɗa maka abin da ya gaza. Ka gudanar da ita kafin ka fitar da ko sisi.

Kuɗi kuwa, a farashin 2016: Rift dala 599 ne, abin da ya ɓata wa mutane da yawa rai a watan Janairu, don an sa musu ran zai yi kusa da 350. Yana zuwa da hannun gem na Xbox One, nasa na musamman sai a rabin shekara na biyu. Vive dala 799, amma da hannuwansa biyu a ciki. Na Sony dala 399, ban da kamara, kuma sai kana da PlayStation 4. Rift haɗe da kwamfutar da ta dace yana farawa daga wajen dala 1500, kafin kuɗin dako da kwastan. Ƙasashe 20 da Oculus ya fara aika wa babu ta Afirka ko ɗaya, don haka idan ya lalace, mayar da shi aiki ne babba.

Ga kuma abin da ya shafi inda kake. Kwamfuta irin wannan tana son akwatin wuta na wat 500, kuma dole a sa mata UPS, wato batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, don ɗaukewar wuta tana barin mutum tsaye cikin baƙin duhu da waya a ƙafa. Soson da ke taɓa fuska yana shan zufa, gilashi yana yin hazo a zafi. Idan fuska goma za su sa shi a yini, sai ka tanadi rufi mai gogewa, kuma kada mai ciwon ido irin afolo ya sa. Ƙurar hunturu idan ta kwanta a gilashin, a hure ta tukuna sannan a goge da tsumma mai laushi, ban da bakin riga, don yana karcewa. Kada a taɓa barinsa gilashi na kallon rana, ko ta taga ce: yana tattara hasken ya ƙona allon, kuma tabon ba ya fita. Mu dai da za ka ji tamu, ka bari rukunin farko su yi wata shida a hannun mutane, a ga abin da ke fara lalacewa, na Sony ma ya fito. Ga mai gidan gem da ya riga ya mallaki PlayStation 4, wannan ne hanya mafi kusa.

Wani matashi daga Garwa ya tambaya ko zai iya gwadawa da wayarsa.

Za ka iya. Google ya fitar da Cardboard tun 2014, kwali ne da gilashi biyu, a zura waya a ciki. Sharaɗin shi ne wayar ta kasance tana da na'urar auna juyawa, jairoskof, wadda wayoyi masu araha da yawa ba su da ita. Ka buɗe bidiyo mai zagaye 360 a YouTube ka juya wayar. Idan hoton ya bi hannunka ba tare da ka sa yatsa ba, tana da ita. Mataki na gaba shi ne Gear VR na Samsung, dala 99 a 2016, mai aiki da Galaxy S6, S7 da Note 5. Yana da nasa na'urorin auna motsi, don haka ya fi kwali nesa ba kusa ba, amma wayar tana zafi har ta nemi a dakata, kuma juyawar kai kawai yake bi. Kada ka yanke wa Rift hukunci da abin da ka gani a kwali.

Wata uwa daga Kumasi ta ce yaranta sun dame ta, tana tsoron idanunsu.

Hajiya, kamfanonin da kansu sun sa iyaka a 2016: Oculus ya ce daga shekara 13, Sony ya ce 12. Tazarar idon yaro ƙarama ce, gilasan ba sa matsowa daidai da ita. Sannan a cikin tabarau ido yana daidaita ganinsa a nisa ɗaya ne koyaushe, ko abin ya zo daf da hanci, kuma hakan yana gajiyar da shi. Ko babba an ce ya huta minti 10 zuwa 15 bayan kowane rabin awa. Mai farfaɗiya sai ya ga likita tukuna.

Ta ƙarshe daga wani malamin makaranta a Katsina: "Ba zai mutu kamar yadda irinsa suka mutu a baya ba? Kuma ɗaki nawa Vive yake buƙata?"

Malam, Virtual Boy na Nintendo ya fito a 1995, ja da baƙi kawai yake nunawa, ba ya bin kai, bai daɗe ba aka daina yinsa. Na yanzu sun warware wannan. Abin da ya fi damunmu shi ne rabuwar kasuwa: Oculus yana biyan kuɗin wasu wasanni su zama na shagonsa kaɗai, Vive kuma yana tafiya da Steam, shagon wasanni na kamfanin Valve. Masu saye kaɗan ne tun farko, idan aka raba su gida biyu, masu ƙirƙira za su sha wahalar mayar da kuɗinsu.

Batun ɗaki, Vive yana son fili aƙalla mita 2 da mita 1 da rabi, babu kujera babu tebur. Yana zuwa da ƙananan akwatuna biyu masu feso hasken leza. A kafa su a kusurwoyi biyu masu fuskantar juna, sama da tsayin kai, wajen mita 2 daga ƙasa, a sunkuyar da su kaɗan, kuma tsakaninsu kada ya wuce mita 5. Wuta kawai suke buƙata, ba sa haɗuwa da kwamfuta. A ɗaure su da kyau, don ko ƴar girgiza tana sa hoto rawa. A rufe madubi da duk abu mai sheƙi, saboda suna mayar da hasken su rikita lissafi. Bayan haka sai ka zagaya da hannun gem ɗin ka shata iyakar filin, yadda idan ka kusa bango zai nuna maka layuka a cikin tabarau. Ka shata ta taku ɗaya kafin bangon, kuma ka ɗaga hannu ka gwada sama, domin iyakar ba ta san da fankar silin ba.